Dutsen Tanut mai kama da ƙahon rago

Tambaya: Malam, ƙanena direba ne a hanyar Damagaram zuwa Agadas. Ya tsinto mini wani dutse a wajen Tanut, cikin ƙasar Damargu, a nannaɗe kamar ƙahon rago, da zane layi-layi a jikinsa. Wani dattijo ya ce kayan Samudawa ne, malamin lakwal ɗin ɗana kuma ya ce dabbar teku ce. Teku a Damargu? In haka ne, me ya sa ba mu ganin irinsa a duwatsun unguwar Birni ta Damagaram?
— Wata mai karatu daga Zango, Damagaram

Amsa: Hajiya, da girmamawa ga dattijo, malamin lakwal ne ya faɗi daidai. Samudawa mutane ne, kuma a ƙasar Larabawa suka zauna. Abin da ke hannunki, bisa yadda kika siffanta shi, ƙwanson wata dabbar ruwan gishiri ce da masana ke kira amonit. Jikinta taushi gare shi, tana zaune a bakin ƙwanson, sauran cikinsa kuwa ɗaki-ɗaki ne da ke taimaka mata yin iyo. Irinta ta ƙare a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce, tare da dinozor, manyan dabbobin dā masu kama da ƙadangaru.

Teku kuwa ya taɓa kwanciya a Damargu. Kimanin shekaru miliyan 95 baya, ruwa marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya rufe ƙasar da yau ake noman gero. In dabba ta mutu, sai ta nutse, laka ta binne ta. A hankali ruwa mai ma'adini ya cika ƙwanson, laka ta daskare ta zama dutse, siffar ta tsaya yadda take. Da ruwan sama da iska suka zaizaye tudun, sai ta fito fili har ƙaninki ya yi tuntuɓe da ita.

Duwatsun Birni kuwa kada ki wahalar da kanki. Giranit ne, narkakken dutse da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa. Babu ƙashi ko ƙwanso da zai shiga wannan zafi ya fito da kamarsa. Laka da yashi ne ke ajiye gawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗalibi a Amurka ya fi ɗan Damagaram sanin abin da ke kwance a ƙasarmu. A Gadufawa, cikin Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya haƙo dinozor ɗin da daga baya, a 1976, aka raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis. Can ne kuma aka samo Sarcosuchus, wani kada da tsawonsa ya wuce mita 9, da Nigersaurus, mai cin tsirrai da haƙora wajen 500, wanda Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya bayyana a 1999. In kin je Yamai, ki kai yara gidan tarihi na Bubu Hama su ga ƙasusuwan da idonsu.

Ki faɗa wa ƙaninki, in ya sake ganin wani, ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya riƙe sunan ƙauyen da ke kusa, ya bar shi nan. Shimfiɗar dutsen da aka same shi ciki ita ce ke faɗa wa masana shekarunsa.