Naman kazan suri ba ya yarda da lambu

Malam, ka tambaya ko naman kazan da ake tsinta a daji da damina zai fito a lambun gida idan ka kwaso ƙasarsa. Wanda ke fitowa kan suri dai ba zai yi ba. Gara ce ke nomansa a cikin gidanta, ita ke ciyar da shi, ka raba su ya mutu. Na taɓa kwaso ƙasar suri buhu guda nan garin Garuwa na Kamaru, wahala kawai na sha.

Wanda ke karɓar noma shi ne Pleurotus, mai fitowa jikin ruɓaɓɓen itace. Ka samu totuwar masara ko ɓawon angurya, ka jiƙa, ka turara a durom don kashe ƙwayoyin cuta. In ya huce ka gauraya da irin naman kazan da ka saya, ka ɗaure a leda, ka ajiye cikin duhu. Bayan kamar mako 3 zuwa 4 ledar za ta yi fari fat, sai ka tsaga ta, kana yayyafa ruwa safe da yamma.

Zafin Maris da Afrilu kam kashe shi yake yi, mutanen Ngaundere sun fi mu sa'a don garinsu ya fi sanyi. Ka bari sai damina.

Na dajin kuma, wanda ba ka sani ba kada ya shiga tukunyarka, wasu guba ne.