Madubin saitin bindiga na dala 9: wa za ka sayar wa?

Wani ɗan kasuwa mai shagon tocila da batura a Sabon Gari, Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce ɗan kawunsa da ke Guwanzu a ƙasar Sin ya samo masa madubin saiti, irin wanda ake ɗora wa bindiga don hango abin hari daga nesa, kowane ɗaya dala 9. Yana da jarin naira miliyan 3, yana son ya ɗauko guda 200 ya sayar wa maharba a kan naira dubu 45 kowanne. Tambayarsa ita ce: da wannan ɗan kuɗin, wane iri ya fi, mai 3-9x40 ko mai 6-24x50? Ɗan kawun ya ce na biyun ne zai fi tafiya, don lambobinsa sun fi girma.

Malam, na ga lissafin da ke ranka. Guda 200 sau dubu 45, miliyan 9 ke nan, ka cire jari, saura miliyan 6 a aljihu kafin Sallah. Ajiye wannan lissafin tukuna. Kuskurenka guda ne: ka bar mutumin da ba zai zauna a shagonka ba ya zaɓa maka kaya. Ɗan kawunka bai taɓa farauta ba, bai san maharbi ko ɗaya ba, kuma da zarar kwali ya hau jirgi la'adarsa ta fita. Ranar da aka dawo da kaya ana zage-zage, yana can yana shan shayi, kai ne a bakin kanta. Ban ce macuci ba ne. Na ce abin da ya gani shi ne farashi, ya kira shi kasuwa.

Ka taɓa duba bindigar da maharban naka ke riƙewa? Yawancinsu bindigar toka ce, ko kuwa mai harsashin da ke watsuwa. Waɗannan na harbin kusa ne, kuma babu ma gurbin ɗaura madubi a jikinsu. Mai irin wannan bindigar ba zai ba ka ko dubu biyar a kan madubi ba. Masu bukatarsa na gaske su ne masu raifil ta farauta da masu bindigar iska, kuma a Dokar Makamai ta 1959 duka biyun sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙe su. A 2023 ma rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. To, a cikin masu shigowa shagonka, mutum nawa ne ke da wannan takardar? Biyar? Goma? Sauran madubai 190 fa, wa za ka miƙa wa? A halin da dazuzzukanmu ke ciki yanzu, wanda zai zo ya kwashi ashirin bai yi ciniki ba, ba kwastoman da kake so a rubuta sunanka kusa da nasa ba ne. Sannan kayan da ke da alaƙa da tsaro, kamar tabarau mai gani da dare da rigar sulke, ba sa shigowa sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kafin ka tura ko sisi, ka sa ejan ɗin da ke fitar maka da kaya ya rubuta maka a takarda matsayin naka kayan a wurin kwastam. "Ai za mu cusa cikin kwalin tocila" ba amsa ba ce.

Na san wani da ya yi irin taka shekarun baya. Surukinsa ne ya zaɓa masa, har da sunan babban kamfani a jikin kwalin. Guda bakwai ya sayar, biyar suka dawo cikin wata ɗaya: wannan gicciyen da ke ciki ya karkace, wancan ya yi hazo tun ruwan farko. Ya kasa yi wa surukin magana saboda kunya, surukin kuma ya ɗauka ciniki na tafiya, har yana tambayar ko a ƙaro. Ragowar suna saman silin ɗin shagonsa, kuma kuɗin haya ne ya ci.

Amma tun da ka tambayi iri, ga amsa. A 3-9x40, lambobin farko na nufin yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 40. Idan kuɗi kaɗan ne, wannan ko ma 4x32 wanda ba a canza ninkinsa, su ne zaɓi. Madubi mai ninki 24 da fitila ja da kore a ciki, a kan dala 9, kuɗin duk ya tafi kwalliya. Gilashinsa zai yi duhu da almuru, lokacin da maharbi ya fi bukatarsa. Babban aikin madubi shi ne ya riƙe saiti bayan an yi harbi, kuma nan ne mai araha ke faɗuwa. Bindigar iska mai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tunkuɗa iskar, ta fi kowace lalata shi, don tana girgiza gaba da baya, sai wanda aka ƙera dominta. Kamfanoni irin su Bushnell da Hawke da Vortex suna da na talaka, amma na talakan nasu ma a Amurka da Ingila ya ninka dala 9 sau da yawa. In ka ga sunan babban kamfani irin Leupold a kan na dala 9, jabu ne, kar ka ɓata bakinka da tambaya. Akwai kuma maɗauri: wata bindigar gurbinta milimita 11 ne, wata kusan 21, bututun madubin kuma wani inci ɗaya, wani milimita 30. Ka tambayi ɗan kawunka wanne ya saya maka. Ina da yaƙinin shiru zai yi.

In takarda ta fito, kuma kana da masu lasisi da suka ce suna so, ka sayi guda uku kacal, daga wurare daban-daban. Ka ba maharbi mai lasisi ya yi harbi kamar ɗari biyu da kowanne, ya ga ko saitin yana nan inda ya bar shi. Ka duba ta ciki da magariba, ba da tsakar rana ba. Wanda ya tsira shi za ka yi oda, kuma sai mai so ya ajiye rabin kuɗi.

Ragowar jarin ka bar shi a inda ka sani. Maharban nan da kake hange suna sayen tocilan goshi da batura da takalmin daji kowace kaka, kuma ka riga ka san wanda ke biya da wanda ke cin bashi. Shi kuma ɗan kawunka, ka ce masa ya sa rabin kuɗin madubin daga aljihunsa, riba da asara ku raba, sannan ka saurari abin da zai ce.