Kada ka je Agadez ka zauna a zango

Ka tambaye ni ko sai baduku ya fita ƙasashen waje sannan sana'arsa za ta yi albarka, don ka ga sa'o'inka suna zuwa Dubai suna dawowa da kwalayen takalma. To zauna, ɗana, ajiye basillar nan tukuna.

Waɗancan sari suke yi, ba dukanci ba, kuma ban raina su ba. Amma tafiyar da nake nufi daban ce. Akwai wanda zai je Kumasi ya sauka a zango, ya ci tuwo da 'yan uwansa Hausawa, ya yi hira da Hausa, ya dawo bai ƙaru da komai ba sai gajiyar mota. Wani kuma zai shiga Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ya tsaya yana kallon ƙafafun mutane. Shi ne zai lura cewa ƙasarsu ƙasar ruwa ce, takalmin da muke yi wa tafin fata a nan Kano ba ya kai ƙarshen damina a can, sai ya jiƙe ya yi fumfuna ya fara wari. In ya dawo zai sa tafin roba, ya ƙara ɗinki a kan gam, ya kuma zaɓi fatar da majemi ya bari ta sha bagaruwa sosai. Ga kasuwa ta buɗe masa, alhali hannunsa bai fi naka ba.

Abin yana cikin yadda kake karɓar abin da ya saɓa wa naka. Bahaushe in ya ga jakar Abzinawa da dogayen geza da launi kore shar, yakan ce ado ya yi yawa. Kai kada ka ce haka. Tambayi kanka a ina ake rataya ta. A jikin raƙumi ne, inda ake hango ta daga nesa, kuma matansu ne ke aikin fatar, idonsu ba irin namu ba ne. Bature kuwa ba ruwansa da geza. So yake in ya ce ka yi masa alabe hamsin, na farko da na hamsin su zama awo ɗaya, ranar da ka ɗiba kuma ita ce ranar. Mu nan mukan ce “gobe in Allah ya kai mu” mu yi mako, kowa ya fahimta. Shi ba zai sake dawowa ba.

Dubi Alhassan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi a 1877, cikin Agalawa, gidan fatauci. Fataken goro sun saba bin hanyar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, da jakuna, watanni suna tafe. Zamansa a Ankara ta ƙasar Gana ya sa ya ga jirgin ruwa na iya kai goro Ikko cikin 'yan kwanaki. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, mutumin da ya riga ya san yadda suke auna kaya da yadda suke ƙulla ciniki shi ya shiga gaba. Dubban fatake sun ga tekun nan kafin shi.

Mu kanmu dukawa an sha mu a wannan fage. A da, fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko. Mun jeme, wasu sun ci suna da riba, don su suka san mai saye.

Saboda haka za ka je, amma ba bana ba. Ɗinkinka har yanzu yana karkacewa a kwana, kuma wanda bai iya nasa ba, in ya ga na wasu kwaikwayo kawai zai yi. Baɗi in muna raye zan haɗa ka da wani abokina a Agadez, ka zauna a rumfarsa. Kafin nan ka koyi lissafin sefa, don can da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa biyar, kada a ce maka dala ashirin ka zaci sefa ashirin ne. Ɗauko min fatar can in nuna maka kwanar.