Tambaya da Amsa: Karen Tseren da Ya Yi Ritaya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Muna zaune a Birmingham, ƙasar Ingila. Maigidana yana son mu karɓi karen tsere, irin wanda ake kira girehawun, wanda ya daina gasa. Gidanmu ƙarami ne, muna da yara biyu da kyanwa. Ba zai fi ƙarfinmu ba kuwa?

Amsa: Malama, ƙanƙantar gida ba ita ce matsalar ba. Wannan kare yana iya gudun kusan kilomita 70 a awa, amma na ɗan taƙaitaccen lokaci ne. Da ya dawo gida sai kwanciya, yakan yi awa 16 zuwa 18 yana barci a rana. Zagaye sau biyu, minti 20 zuwa 30 kowanne, ya wadatar. Yawanci suna barin tsere suna da shekara 3 zuwa 5, su kuma kai shekara 12 ko fiye, don haka ɗawainiya ce mai tsawo.

Kyanwar ce abin dubawa. Kare ne mai farauta da ido, kuma tun yana ƙarami aka horar da shi ya bi duk ƙaramin abu mai gudu. Ƙungiyoyin da ke sama musu gidaje, kamar Greyhound Trust da aka kafa a 1975, sukan gwada wasu karnukan da kyanwa. Ki faɗa musu tun ranar farko, kada ku karɓi wanda ba a gwada ba. Ko wanda aka gwada ɗin, ya zauna da takunkumi a baki da igiya a wuya duk lokacin da suke ɗaki ɗaya, har sai kin ga yana kawar da kai daga gare ta. Takunkumi ba zalunci ba ne a wurinsa, ya saba da shi tun a filin tsere. A waje kuwa kada a sake shi sai a fili mai shinge, don idan ya hango kurege ba ya jin kira, kuma ba ya sanin mota. Kansa ya fi wuyansa siranta, sai ya zame daga abin wuya na yau da kullum. A sayi mai faɗi ko wanda ke tsukewa kaɗan idan ya ja. Shingen gida ya kai ƙafa 6.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, babba ne a jiki amma bai taɓa zama a gida ba. Za ki ga ya tsaya cak a gindin matakalar bene yana rawar jiki, sai an ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tayil yana kwashe shi, a shimfiɗa darduma. Ƙofar gilashi kuma a manna mata takarda daidai idonsa, kada ya shige ta da gudu. A fitar da shi kewayawa da asuba, bayan kowane abinci, da kafin barci. Yara su sani ba a taɓa shi yana barci, ko da idonsa a buɗe yake. A kira sunansa tukun, saboda yakan zabura ya kai cizo ba da niyya ba.

Abinci sau biyu a rana, gwargwadon nauyinsa kamar yadda aka rubuta a jikin buhu. Ganin haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe ba rama ba ce, haka halittarsa take. Kada ya yi gudu awa guda kafin ci ko bayan ci, domin karnuka masu zurfin ƙirji irinsa cikinsu kan kumbura ya murɗe. In kin ga ciki ya yi tauri, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, asibiti nan take, ba a jira gari ya waye. Kada a ba shi ragowar miya saboda albasa guba ce gare shi, haka cakulan da inabi. Dafaffen ƙashin kaza ma haɗari ne gare shi.

Fatarsa sirara ce, ba kitse, saboda haka yana buƙatar katifa mai laushi da riga lokacin sanyi. A goge masa haƙora kullum, nan ne rauninsu. Idan yana ɗingishi a kan kwalta amma ya miƙe a kan ciyawa, a duba tafin ƙafa, sau da yawa kanta ce. Ɗingishin da ya ƙi warkewa kuwa a ɗauki hoton ƙashi, don sankarar ƙashi na kama irinsu. Nemi likitan da ya san girehawun, domin sakamakon gwajin jininsu ya bambanta da na sauran karnuka, wasu magungunan sa barci kuma suna daɗewa a jikinsu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mafarauci ne a Maraɗi. Irin wannan kare zai yi a wajenmu?

Amsa: Malam, ba mu ba ka shawara ba. Zafin bazara zai wahalar da shi, ƙaya da tsakuwa su yayyage masa ƙafa, gudunsa kuma ba mai dogon zango ba ne. Karen Azawak na Buzaye, wanda asalinsa yankin Nijar da Mali ne, dangin masu farauta da ido ne shi ma, kuma ya san ranar nan. Ka nemi shi, ka yi masa allurar haukan kare, ka riƙa cire masa kaska duk dawowa daga daji.