Hukuncin ɗora hotunan biki da na yara a Instagram

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da shafi a Instagram inda nake tallan atamfa da turaren wuta. Nakan sa hotunan 'ya'yana, wani lokaci da kayan makaranta a jikinsu. Kwanan baya na ɗora hotunan kamun ƙanwata, sai wata ƙawata da ta fito a ciki ta kira ni ranta a ɓace, wai mijinta ya gani. Ni kuwa wallahi ba da wata manufa na yi ba. Shin na yi laifi? In na kulle shafin, ya halatta in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Tallan kayanki halal ne. Shi kansa hoton kyamara malamai sun yi saɓani a kansa, da yawansu sun halatta shi, kuma ba a nan matsalarki take ba.

Matsalar tana wajen ƙawarki, kuma ita ce da gaskiya. Kamu taron mata ne. Mace takan ajiye mayafinta a wurin, ta ci ado, ta yi rawa, don ta san 'yan'uwanta mata ne kaɗai ke ganinta. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mace ta cuɗanya da wata mace sannan ta je ta siffanta wa mijinta ita kamar yana kallonta. To, idan an hana siffantawa da baki ga namiji guda, ina ga hoto mai kala da dubban maza za su gani, su faɗaɗa shi da yatsa? Saboda haka ɗora hoton mace ba da izininta ba haramun ne. Idan kuwa gashinta ko ƙirjinta a buɗe suke, ko ta yarda bai halatta ba, domin suturce al'aura haƙƙin Allah ne, ba ta da ikon yafe shi.

Kyakkyawar niyyarki za ta sauƙaƙa miki tsakaninki da Ubangiji, amma haƙƙin baiwar Allah yana nan. Ki cire hotunan yau, ki bi waɗanda kika san sun kwafa ki roƙe su su goge, ki je har gida ki ba ta haƙuri. Sauran matan da ke cikin hoton ma haka, ko da ba su yi magana ba. Wata daga cikinsu kunya ce ta hana ta magana.

Kulle shafi abu ne mai kyau, amma kada ya ruɗe ki. Duk wanda kika karɓa zai iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya tura WhatsApp. Har wanda ake cewa yana ɓacewa bayan awa 24, a shafinki kaɗai yake ɓacewa. Ki raba shafi biyu: na kasuwa a buɗe, kaya zalla, na iyali a kulle, kada ki karɓi kowa sai wanda kika san shi ido da ido. Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya ke kira saddu zari'a, wato toshe hanyar ɓarna tun ba ta auku ba.

Hoton yara asalinsa babu laifi, amma da kayan makaranta ban yarda ba. Bajon da ke ƙirjin riga yana ɗauke da sunan makarantar, ke kuma kin rubuta sunan yaron a ƙasa, wataƙila har kin saka alamar unguwa. Me ya rage wa mai garkuwa da mutane ya bincika? Uwa makiyayiya ce, za a tambaye ta kiwon da aka ba ta. Ga kuma kambun baka, wanda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa gaskiya ne. Annabi Yaƙubu ma ya hana Yusufa faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 5 a Suratu Yusuf. Ban ce ki shiga waswasi ba. Ki yi musu addu'a safe da yamma, ki rage nunawa, ki kuma shawarci mahaifinsu.

A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Instagram, ya ce ya rufe shafuka kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici, sannan su ce a ba su kuɗi ko su watsa. Wanda ya faɗa hannunsu kada ya biya, don ba sa ƙoshi. Ya faɗa wa babban da ya amince da shi, a kai ƙara wurin hukuma. Mai kwafar hoton mutane yana yaɗawa kuma ya karanta aya ta 19 a Suratun Nur, wadda ke gargaɗin masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai.

Ki kunna tantancewa mai mataki biyu a shafinki, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba kafin a shiga, kuma lambar sirrin da ake turo miki ta waya kada ki ba kowa, ko ya ce daga kamfanin yake. Wanda ya ƙwace shafin ya samu saƙonnin kwastomominki da adireshin gidajensu, su ma amana ce a wuyanki.

Wallahu a'alam.