Sunanmu ɗaya da na cikin tsohuwar takarda, shin filin namu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake, a Kumasi. A katin Ghana da takardun makaranta duk gidanmu Tanko muke amsawa. Wani mutum ya kawo wa baffana hoton tsohuwar takarda ta zamanin Turawa, da sunan wani Tanko mai fuloti a tsohon zango. Ya ce kakanmu ne, kuma in muka biya zai haɗa mana salsalar duk Tankon Ghana mu shiga kotu. Har an fara karo-karo, gwaggona ta sayar da sarƙarta. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin musa wa manya. Ina zan bincika?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka je wurin baffanka yau, ka durƙusa, ka roƙe shi a dakatar da karo-karon nan. In sarƙar gwaggo ba ta yi nisa ba, a fanso ta.

Ka fara da sunan kansa. Tanko laƙabi ne, namijin da aka haifa bayan jerin mata. Duk gidan da aka jera 'ya'ya mata sannan namiji ya zo, an samu Tanko, ko a Katsina ne ko Salaga ko Yendi. Haka Gambo mai bin tagwaye, haka Ɗanjuma da Ɗanladi da Balarabe. Mu ba mu taso da sunan gida da ake gada kaka da kakanni ba. Sunan yanka ne, sai na uba, sai laƙabi ko sana'a ko garin da aka fito. Rajistar makaranta da ta asibiti da fasfo ne suka kama sunan wani kaka guda suka daskarar da shi, ya zama na kowa. A yawancin gidajen zango da na bincika, sunan nan bai wuce hawa uku ko huɗu ba. To me ya haɗa ku da Tankon unguwar Tafo, balle na Nima da ke Accra?

Wannan ruɗun nake fama da shi kusan kullum, har na gaji da maimaitawa. Mutum ya shigo da fotokwafi a leda yana haki, wai ya gano kakansa. In tambaye shi sunan uban mai sunan, shiru. Daga wane gari ya zo, shiru. Goro yake saye ko shanu yake kawowa, shiru. Suna kawai ya gani zuciyarsa ta buga.

Ga kuma yadda akawun Bature yake rubuta mutane. Dubi rajistar soja, tun daga rundunar da aka kafa a 1879 wadda kowa ke kira ta Hausawa, har ta zama Gold Coast Regiment a 1901. Wanda ya zo shiga, a tambayi sunansa, a liƙa masa ƙabila ko gari a baya: wane Moshi, wane Dagomba, wane Fulani, wane Kano. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agusta 1914, Alhaji Grunshi aka rubuta shi, Grunshi kuwa sunan ƙabila ne. Sai mu ce duk Grunshin da ke cikin littafin 'ya'yan mutum ɗaya ne? Mutane da yawa da aka rubuta Hausa ma ba Hausawa ba ne, harshen bariki ne ya haɗa su.

A cikin zango kuma akwai maigida. Baƙo ya sauka da ayarinsa, masaukinsa ne ke tsaya masa a gaban hukuma, wani lokaci da sunansa ake saninsa. Almajiri ya girma a zauren malaminsa, ranar da aka kai shi boko sai a rubuta sunan malam. Yaron da aka riƙa ya ɗauki sunan mariƙi. Sannan rubutun kansa: Ibrahim ya koma Braimah, Muhammadu ya koma Mahama, Husaini ya koma Fuseini, naku ma za ka gan shi Tanku ko Tankoh, gwargwadon kunnen akawu. Sai 1969, da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a watan Nuwamba, ta ba marasa takarda mako biyu. Gidaje sun watse, an sayar da dukiya a wulaƙance, akwatunan takardu sun salwanta a hanya, kuma na san gidajen da suka sauya suna a lokacin don su tsira. Saboda haka 'yan'uwan jini na iya amsa suna daban-daban, bare biyu kuma su amsa ɗaya.

Masu wannan sana'a sun san duk abin nan sarai. Su samo shafi guda, su yanke kansa da gindinsa inda lambar fayil take, su bi gida-gida. Ba zan yi mamaki ba in hoton da ke hannun baffanka yana hannun wasu gidaje biyar masu amsa Tanko, kowa ana ce masa shi ne magaji. Na taɓa zama a sulhun wasu gidaje biyu da suka daina gaisawa a masallaci kan irin wannan takarda. Da aka nemo asalinta, mai sunan bai bar ɗa ko ɗaya ba.

Ka ce wa mutumin ya ba ka lambar fayil da gidan da ya samo ta. Kowace takardar gaskiya tana da adireshi. A ofishin PRAAD na Kumasi, wato hukumar adana tsofaffin takardun gwamnati, takardun Babban Kwamishinan Asante suna ƙarƙashin jerin fayilolin da ake kira ARG. A hedikwatarsu ta Accra akwai jerin ADM, kuma ADM 11 na Sakataren Harkokin 'Yan Ƙasa ne, inda ake samun koke-koken al'ummomi da rigingimun sarauta. Shari'un kotunan Asantehene, wato Sarkin Asante, suna ma'adanar fadarsa ta Manhyia. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka. In ya bayar, ka je da katinka ka nemi fayil ɗin, ka karanta shi daga bango zuwa bango, don shafi na gaba yakan rushe na baya: an ba da fuloti, bayan shekara biyu an ƙwace saboda ba a gina ba.

Ko da ya tabbata kakanku ne, fili a Kumasi ba ya zama naka don sunanka ya fito a tsohon littafi. Bayan yaƙin 1900 Turawa suka riƙe filayen tsakiyar gari suna bayarwa haya, a 1943 aka mayar da su hannun Asantehene. Abin da za a duba shi ne takardar hayar, wa'adinta, da wanda ta koma hannunsa, a hukumar filaye ta Lands Commission da ofishin filaye na Asantehene. Dokar ƙayyade lokaci ta 1972 kuma ta sa shekara 12 ga mai neman ƙwato fili. Wannan fagen lauya ne, a tambaye shi kafin a kashe sidi ɗaya.

In asali kuke nema, daga kanka ake farawa a yi baya. Ka zauna da gwaggon nan da wayarka, ka naɗi muryarta: sunan yankan Tanko, sunan ubansa, garinsu, wa ya sauke shi, matansa nawa, ina aka binne shi. Tsofaffin mata sun fi kowane fayil riƙe wannan. Ka buɗe gafakar kakanku, malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon littafi, wasiƙun ajami kuma suna ɗauke da sunayen dangin da aka bari a gida. Ka tambayi limamin unguwa da fadar Sarkin Zango. Rajistar haihuwa ta fara a 1912, amma mutanenmu ba su damu da ita ba sai can baya, kada ka dogara da ita. In gidan malamai ne, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960. Ni ba na yarda mutumin cikin takarda naka ne sai abu uku sun dace bayan suna: uba, gari, da zamani.

Ka kuma tuna wa baffa, cikin ladabi, abin da ya fi ni sani. Allah Ya ce a Suratul Ahzab a kira mutane da ubanninsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, yana sane, an haramta masa Aljanna. Kotu kuma za ta sa shi rantsuwa a kan salsalar da wani ya zana masa don kuɗi, alhali a fulotin akwai mutanen da a nan aka yanke musu cibiya.

In ka samo lambar fayil ɗin, ka turo mini ita tare da sunan yankan kakanku.