Kafin ka karɓi aikin kajin nan na Ƙasim

Ƙanena, saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i. Ka ce an yi maka tayin aiki a wata gona kusa da Buraida, a yankin Ƙasim na Saudiyya, dabino ne da 'yan tumaki da kajin gida, kuma kana ganin kajin ba za su ba ka wahala ba tunda da hannunka ka riƙe akurkin Inna a Katsina. Ni ma da wannan tunanin na sauka a nan, har kaji suka kusa jawo mini sunan ɓarawo.

Shekarata ta farko, tun daga ƙarshen hunturu nake kai wa mai gonar ƙwai kwano cike kowace safiya. Da Oktoba ta kama sai ƙwan ya soma ja baya, kafin Nuwamba ta ƙare da kyar nake tsintar biyar. Akurki ya cika da gashi kamar an fige kajin biki, kajin duk sun tsiyace, wuya a tuje. Mutumin bai ce na sata ba, amma ya fara zuwa ƙirga da kansa, kuma ka san irin kallon. Wani dattijo ɗan Sudan da ke gonar maƙwabta ne ya kama kaza ɗaya, ya buɗa mini wuyanta, ya nuna mini sabon gashi yana tsirowa kamar ƙaya. Ya ce ba ciwo ba ne, canjin riga suke.

Abin da ya sa ba mu san shi sosai a gida ba, tsawon yini ne. A Katsina tsakanin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta wajen awa ɗaya da rabi ne kawai. A Ƙasim ya haura awa 3: a Yuni hasken rana kan kusa awa 14, a Disamba ya dawo wajen 10 da rabi. Ita kuwa kaza da haske jikinta ke lissafi, tana son kamar awa 14 kafin ta riƙa saka ƙwai a kai a kai. Yini na gajarta sai ta dakata, ta zubar da tsohon gashi. Yakan fara daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, ya ƙare a fukafukai da wutsiya. Mako 8 zuwa 12 yake ɗauka galibi, kuma kaza takan yi na farko ne in ta kai wajen shekara ɗaya da rabi. Shi ya sa 'yan matan kaji da aka ƙyanƙyashe a farkon shekara su ne ke fid da kai kunya da sanyi.

Gashin kaza kusan duk furotin ne, abin da take gina ƙwai da shi ke nan, ba za ta iya biyun lokaci guda ba. To dusa da ragowar shinkafar gidan mai gona ba za su wadatar ba. Ka nemi a sayo abincin kaji mai furotin da yawa, ka haɗa musu da ɗanyen barsim, wata ciyawar dabbobi da ake samu a nan. Nakan tuna yadda Inna ke farfasa musu ƙuliƙuli tana aikenmu ɗebo gara, ashe ta riga mu sani. Kada kuma ka yawaita kama su, sabon gashin nan akwai jini a cikinsa, in ya karye yana zuba, sauran su bi da tsatstsaga.

Amma fa ba kowace tujewa ce canjin riga ba, a nan ake gane mai kiwo. In bayan kaza ne kawai ya goge, zakaru ne suka yi yawa. In ƙirji ne kuma ta maƙale a kan ƙwai tana huci, kwanci take so. In ka ɗaga wutsiya ka ga farin abu ya dunƙule a gindin gashi, ƙwarƙwata ce, a zuba musu toka da yashi su yi birgima, a nemo magani. Akwai kuma wasu jajayen ƙwari da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare, sai ka haska fitila bayan isha'i za ka gan su.

Zafi ma yana da nasa rabon. A Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 43. Kaza ba ta gumi, haki take, cin abinci ya ragu, ƙwai ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi. Inuwa da ruwa mai sanyi sau uku a yini, abinci da asuba da yamma.

Wasu na kunna ƙwan lantarki kafin asuba don cike awa 14 ɗin da hunturu. Yana aiki, amma ni ba na yi sai gashin ya gama fitowa.

Biza kuwa, ta aiki za ka shigo da ita da iƙama, wato takardar izinin zama, a kan sunan mai gonar, ban yarda ka zo Umara ka maƙale ba. In ka iso, tun makon farko ka sayi littafi ka riƙa rubuta ƙwan kowace rana, ka kuma faɗa wa mai gonar tun Satumba cewa zai ragu. Ka gaida Inna, ka ce mata wannan karon in za ka taho ta ba ka daddawa da kuka.